Kiristocin Kudancin Kano: Faɗuwa Ba Ta Raba Mutum Da Bege

Duk wanda ya bar hanyar Zariya a Kwanar Dangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa ran Lahadi da hantsi, yakan ji ana rera waƙoƙin sujada da tsantsar Hausa daga wasu ƙananan ɗakuna masu rufin kwano a gefen ƙauyuka. Masu waƙar ba baƙi ba ne. Hausawa ne haifaffun ƙasar, yawancinsu jikokin Maguzawa, waɗanda suka karɓi addinin Kirista. Akwai irinsu a ƙasar Bebeji da ta Kiru, kuma da yawansu sun fi son a kira su Masihiyawa, watau mabiya Almasihu.

Matsayinsu yana da wuya. A gida wasu sukan ɗauka Bahaushe ba ya zama Kirista, in kuma suka je kudu sai a yi musu kallon baƙi a cikin coci saboda harshensu da suturarsu. Saboda haka idan ɗansu ya faɗi jarrabawa, ko magidanci ya ci bashin taki damina ta ƙi, ko shaye-shaye ya kai wani ƙasa, nauyin yakan zama biyu: ga kunyar kansa, ga tsoron kada a ce laifin addininsa ne. Ina irin wannan mutum yake samun ƙarfin sake miƙewa?

Amsa ta farko tana cikin tarihin ikilisiyarsu, domin da faɗuwa ya soma. A shekara ta 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasar Sudan. Shekara ba ta zagayo ba Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida hannu wofi. Ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. A wannan shekara ce kuma ayarin Bishop Tugwell, wanda Likita Miller yake ciki, ya iso birnin Kano, Sarki Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. A idon duniya aiki ya mutu.

Amma a 1902 abokan aikin Bingham suka kafa tasha a Pategi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, aikin da Likita Miller ya ba da ƙarfinsa a kai. A 1943 aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano, wanda Musulmi da Kirista suke amfana da shi har yau, sa'an nan a 1954 ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta. Mutumin da ya koma gida sau biyu da kunya, shi ne ake tunawa da shi a matsayin wanda ya aza harsashin.

Amsa ta biyu tana cikin koyarwarsu. Kiristoci sun gaskata cewa darajar mutum a wurin Allah ba sakamakon ƙoƙarinsa ba ce, alheri ne da aka yi masa. Don haka masu wa'azi sukan yawaita kawo labarin Bitrus, almajirin da ya yi musun sanin Yesu har sau uku a daren da aka kama shi, amma daga baya aka danƙa masa kiwon jama'a. Sukan kawo kuma misalin ɗan da ya ɓarnatar da gādonsa, ya komo gida tsumma a jiki, ubansa ya tarye shi da murna. Ba banza ba sunan Bitrus ya yi yawa a waɗannan ƙauyuka.

Amsa ta uku kuwa ta aiki ce. Wanda ya yi laifin da ya fito fili akan sa shi ƙarƙashin horon ikilisiya na ɗan lokaci, in ya tuba a karɓe shi a gaban jama'a, magana ta wuce. Zumuntar mata takan kewaya gidan da abin ya shafa da hatsi da addu'a, matasa kuma su yi gayya a gonar wanda ya gaza. Wannan hali ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tsohuwar al'adar taimakon juna ce ta sami sabon gida.

Ɗalibin da sakamako bai yi masa daɗi ba, da ma'aikacin da aka tsallake wajen ƙarin girma, kowane addini suke bi, suna da abin dubawa a nan. Maƙwabtansu Musulmi ma suna hana ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Hausawa dai sun riga sun faɗa: in da rai, da rabo.