Maganin da ya warkar da maƙwabcinka zai iya kwantar da ɗanka

Kusan kowane mako sai wani ya shigo kantinmu na magani riƙe da fankon kwali, ya ce: "Irin wannan nake so, shi maƙwabcina ya sha ya warke." Nakan tambaye shi ko likita ya duba shi, domin magani ɗaya ba ya yin aiki iri ɗaya a jikin kowa. Binciken ƙwayoyin gado ya fara bayyana mana dalilin haka.

Daga 1990 zuwa 2003, masana daga Amurka, Ingila, Faransa, Jamus, Japan da China suka haɗu suka karanta bayanan gadon ɗan'adam, wato DNA. Bayanan suna kama da littafi mai haruffa wajen biliyan 3, wanda kowa ya gada daga uwa da uba. Tsakaninka da kowane mutum, kashi 99.9 cikin 100 na haruffan iri ɗaya ne. A ɗan ragowar nan ake samun bambancin yadda jiki ke karɓar magani.

Ga misali da ya shafi gidajenmu. Akwai sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini. Mutane da yawa a Najeriya, musamman maza, an haife su da ƙarancinsa, kuma ɗa namiji daga mahaifiyarsa yake gadonsa. Mai wannan ƙarancin lafiyarsa ƙalau, har sai ya sha magani irin su primaquine, dapsone ko nitrofurantoin. Daga nan ƙwayoyin jininsa za su iya farfashewa: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, jiki ya mutu. Ƙwallon kafur da ake sakawa a akwatin kayan jarirai ma yana iya jawo wa irin wannan jariri shawara mai tsanani.

Haka abin yake da kodin. Hanta ce ke mayar da shi mofin kafin ya rage zafi. Hantar wani ba ta iya wannan aiki sosai, sai ya sha a banza. Ta wani kuma tana yi da sauri fiye da ƙima, har numfashinsa ya yi rauni. Shi ya sa a 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin, ta kuma gargaɗi masu shayarwa.

Sikila kuwa canjin harafi ɗaya tak ne ke haddasa ta. A Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da Casgevy, maganin da ake gyara ƙwayoyin ɓargon mara lafiya da shi a mayar masa da su. A Amurka kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne, don haka ba abin da iyalanmu za su dogara da shi ba ne a yanzu. Sannan yawancin binciken a kan Turawa aka yi shi. Da masanan shirin H3Africa suka duba mutum 426 daga ƙasashen Afirka 13, sakamakon da suka fitar a 2020 ya nuna bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa sani ba.

To me ke hannunka yau? Kada ka ba iyalinka ragowar maganin wani. Idan magani ya taɓa sa wani a gidanku shawara ko baƙin fitsari, rubuta sunan maganin, ka nuna wa likita, ka nemi gwajin G6PD. Cire kafur daga kayan jariri. Masu shirin aure kuma su yi gwajin jini tun kafin a sa rana, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Idan ka zo sayen magani, faɗa mana abin da ya taɓa faruwa a danginku, don mu san abin da za mu ba ka da wanda za mu hana ka.