Namijin Goro da Maganin Feshi: Labarin da Ɓeraye Suka Bayar

A shekarar 1977, a wata masana'antar magungunan ƙwari da ke garin Lathrop a Kalifoniya, ma'aikata suka lura cewa an daɗe ba a yi suna a gidan ɗayansu ba. Da aka gwada su, sai aka tarar wasu ba su da ƙwayar maniyyi ko guda. Sinadarin DBCP da suke sarrafawa ne ya yi ɓarnar. Abin takaicin shi ne, tun 1961 gwaji ya nuna yana sa marainan ɓeraye su ƙanƙance, amma aka yi kunnen uwar shegu.

Shi ya sa ba a raina ɓeran ɗakin gwaji. Yanzu kuma wata tambayar ake yi masa: ko abin da ƙasa ke tsirarwa zai iya tare wannan guba?

Magungunan feshi da yawa, in sun shiga jiki, suna haddasa wasu ƙwayoyin sinadari masu cin tantanin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ƙwayar maniyyi kuwa fatarta duk kitse ce mai saurin lalacewa, ga shi ba ta da ƙarfin gyara kanta. Tsirrai da yawa na ɗauke da sinadaran da ke kashe kaifin waɗannan ƙwayoyi. Farfesa Ebenezer Farombi na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun tace kolaviron daga namijin goro, wannan mai ɗacin da ake saya a faifan mai goro, suka ba ɓerayen da aka ɗura wa carbendazim, maganin funfunar amfanin gona. Ɓarnar da aka gani a marainansu ta ragu. Wasu masanan sun ga irin haka da man habbatus sauda a kan maganin ƙwari chlorpyrifos: yawan maniyyi da kuzarinsa suka farfaɗo.

Sai dai a yi hattara da masu tallar maganin maza a lasifika. Ɓera ana auna masa tataccen sinadari gwargwadon nauyinsa, kullum, makonni a jere, ana lura da cinsa da shansa. Manomin da ya goya tankin feshi ba takunkumi, ruwan maganin na jiƙa masa riga har la'asar, ba ya cikin wannan lissafi. Ko a mutane ma, wani gwaji da aka buga a Amurka a 2020 ya ba mazan da ke neman haihuwa irin waɗannan sinadaran kariya, bai ga sun gyara maniyyinsu ba.

Gubar kuwa tana kusa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa buhu don korar ƙwari. Waken da Turai ta ƙi saya, a tukwanen gida aka dafa shi.