Zaɓen Bargo da Kula da Shi a Lokacin Hunturu

A ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari, waɗanda ke kudu da birnin Sakkwato, sanyin hunturu yakan tsananta daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da busasshiyar iska mai ƙura ke kaɗowa daga Sahara, shi ya sa cinikin mayafi ke bunƙasa a kasuwanninsu.

Mayafan da aka fi samu iri uku ne. Akwai gwado, wato saƙar hannu ta zaren auduga wadda ke da nauyi da ƙarko. Akwai bargon masana'anta mai laushi. Sannan akwai bargo mai cushe, wanda ake cusa auduga ko zaren roba tsakanin ƙyallaye biyu a ɗinke. Ɗumin wannan na ƙarshe yana fitowa ne daga iskar da ke maƙale cikin cushen, wadda ke hana zafin jiki fita, don haka mai saye ya kamata ya duba ɗinkin da ya raba shi gida-gida, domin shi ke hana cushen taruwa a gefe guda.

Wajen kula da bargo mai cushe kuwa, ana sanya masa riga wadda za a riƙa cirewa ana wankewa, a kakkaɓe shi, a shanya a rana, kuma a nisanta shi da kaskon garwashi, tunda zaren roba na iya kama wuta. Idan hunturu ya wuce, wajibi ne ya bushe sarai kafin a adana shi, domin laimar damina na haifar da fumfuna.