Tauraron da aka ɗauka mudu, ashe shi ma yana da karkata

Tun ina ɗalibi nake jin cewa in masana taurari za su faɗi ƙarfin hasken wani tauraro, da Vega suke gwada shi. Shi ne Larabawa ke kira Nasrul Waƙi'i, yana nisan shekara 25 na tafiyar haske daga gare mu, kuma da damina, in hadari ya yi sarari, mai karatu zai gan shi fari fat ta wajen arewa bayan lisha. Shekaru da dama shi ne mudun kasuwar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda aka gano cewa mudun nan ba yadda aka zata yake ba.

Matsalar ita ce nisa. Ko a babbar na'urar hangen nesa, tauraro ɗigo ne kawai. Faɗin Altair, wato Nasruɗ Ɗa'ir, a sararin sama bai kai na kwabon da aka ajiye a Legas ana hangensa daga Kano ba. Dabarar da aka fito da ita ita ce a girke madubai nesa da juna, a tattaro hasken da kowanne ya kama, a haɗa su wuri guda. Daga zanen haske da duhu da haɗuwar ke haifarwa ake lissafa faɗin tauraron, tamkar an yi amfani da madubi ɗaya mai girman tazarar da ke tsakaninsu. Michelson da Pease ne suka fara auna tauraro da wannan hanya a 1920, a dutsen Wilson na Kalifoniya. A kan wannan dutse ne kuma aka kafa CHARA, mai madubai 6, da tazarar da ta kai mita 330.

Da aka fara auna taurari ta fuskoki daban-daban, sai aka tarar wasunsu ba mulmulallu ba ne. A 2001 aka nuna cewa Altair ya fi faɗi ta ƙugu. Dalili kuwa gudu ne: rana tamu tana ɗaukar kimanin kwana 25 kafin ta juya sau ɗaya, shi kuwa Altair bai cika awa 10 ba, sai ka ce katantanwar yara. A 2003 madubai a ƙasar Chile suka auna Achernar, Akhirun Nahar, wanda mu nan muke gani ƙasa-ƙasa ta kudu da hunturu alhali mutumin Ingila ba ya ganinsa ko kaɗan. An ce faɗinsa ya ɗara tsayinsa da fiye da rabi. Daga baya aka rage adadin zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ni wannan gyara ya fi burge ni fiye da sanarwar farko.

To, ina ruwan wannan da haske? Tun 1924 masanin nan ɗan Sweden, von Zeipel, ya lissafa cewa tauraro mai gudun juyi ƙugunsa da ya kumbura zai huce ya dushe, samansa da ƙasansa kuwa su fi zafi da haske. Ke nan abin da kake gani ya danganta da inda kake tsaye. Wanda ya hango shi ta ka zai ce mai zafi ne, wanda ya hango shi ta gefe zai yi masa wani hukunci dabam, alhali tauraro ɗaya ne.

Nan ne Vega ya shigo. A 2006 ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka, kowacce da na'urarta, suka tabbatar da abin da wasu suka daɗe suna zargi: Vega ma mai gudun juyi ne, amma ta ka muke kallonsa, shi ya sa ya yi mana kama da mulmulalle mai natsuwa. Zafin samansa ya kai wajen digiri 10,000, ƙugunsa kuwa ya kasa da haka da sama da digiri 1,000. Ashe gefen da ya fi haske ne ya juyo mana. Wannan bai rushe ma'aunan da aka yi a baya ba, domin hasken da ke iso mana bai canza ba, amma ya tilasta a sake lissafin nauyinsa da shekarunsa, kuma ya sa dole a yi hattara wajen ɗaukarsa misalin sauran taurari irinsa.

Shi kansa von Zeipel bai tsira ba. A 2007 John Monnier da abokan aikinsa suka fitar da hoton fuskar Altair daga CHARA, karon farko ga tauraro mai rayuwa irin ta rana. Hoton ya gaskata cewa ƙugun ya fi duhu, sai dai bai dace da lissafin 1924 daidai ba. Da aka ƙara auna wasu, irin su Regulus, sai aka ga bambancin zafi tsakanin sama da ƙugu bai kai yadda ya ƙiyasta ba: inda ya sa 0.25 a lissafinsa, awo ya fi karkata ga 0.19.