Agogon Alfarma: Abin Da Hoto Ke Ɓoyewa, Wuyan Hannu Ke Tonawa

A ranar 29 ga Mayun 2015, ranar da aka rantsar da Muhammadu Buhari a matsayin Shugaban Ƙasa a Dandalin Eagle da ke Abuja, kyamarar wani mai ɗaukar hoto ta faɗa kan wuyan hannun uwargidansa, Hajiya A'isha. Ba a kwana biyu ba sai ga maganar agogon da ta ɗaura ta cika gari. Wasu suka ce ai Cartier ne na farin zinare mai duwatsun lu'ulu'u, kuɗinsa kuwa ya tasam ma Naira miliyan 10, don haka ina batun tsantsenin da aka yi ta yi wa talakawa alkawari? Wasu kuma suka yi tsalle suka dire a kan cewa mai kama da shi ne kurum, irin wanda ba ya wuce 'yan dubbai. Aka yi ta ja-in-ja a shafukan jaridu da majalisun hira, tun daga Legas har Daura, mahaifar shi sabon shugaban. Abin lura a nan shi ne, da masu zargin da masu kariyar, hujjarsu guda ce, wato hoto.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon zance shi ne yadda cinikin agogo ya koma cikin wayar hannu a garuruwanmu. Malamin makaranta, ko likita, ko ma'aikacin banki, ko angon da ke shirin biki, sai ya ga hoton agogo a WhatsApp ko Instagram, an goge shi yana ta walƙiya, ya tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba a Kano ko Legas ko Dubai, sannan ya zauna jiran direban mota ya kawo masa saƙo. Iyayenmu da ke zuwa kasuwar Mai'aduwa sayen ragon layya ba sa biya sai sun dafa gadon bayansa, sun buɗe bakinsa sun duba haƙora. Mai sayen shadda kuwa, ko da an rantse masa Getzner ce 'yar asalin Ostiriya, sai ya murza ta da yatsu, ya ɗaga ta ga haske, wani ma har ya sunsuna. Amma ga jikokinsu, da digirinsu da komai, suna cinikin biri a sama a kan abin da ya fi ragon da shaddar tsada.

Ya kamata mai karatu ya san cewa hoton agogon talla ba hoto ba ne irin wanda ake ɗauka a wurin suna. Duba duk tallar agogon da ka ci karo da ita, za ka tarar kusan ko da yaushe hannuwansa na nuna ƙarfe goma da minti goma, domin su buɗe kamar mai murmushi, su kuma bar sunan kamfanin a sarari. Da yawa daga cikin hotunan da kamfanoni ke rabawa ranar fitar da sabon agogo ma ba kyamara ce ta ɗauke su ba, kwamfuta ce ta zana su, babu ƙura, babu inuwa, babu sawun yatsa. Abin da faɗinsa bai wuce milimita 40 ba, sai a baje shi ya cika shafin mujalla. A ɗaya ɓangaren kuma, idan mutum ya ɗaura agogo ya kusanto da kyamarar wayarsa ya ɗauka, gilashin kyamarar na kumbura abin da ke kusa, sai agogon ya yi kamar faifai a hannun yaro. Alhali kuwa kyan agogo mai tsada yana cikin motsi ne: yadda haske ke gudu daga gefen da aka goge kamar madubi zuwa wurin da aka karce shi da gangan, da yadda launin fuskarsa ke sauyawa idan ka juya hannu, da yadda sarƙarsa ke kwanciya a fata. Hoto yana tsayar da daƙiƙa guda, daga kusurwa guda, ya ce maka shi ke nan.

Su kansu masu abin sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun hoto. A watan Janairun 2019, a baje kolin agogo na birnin Jeniba da ke ƙasar Suwizalan, kamfanin Audemars Piguet, wanda ke ƙera agogo tun 1875, ya fito da sabon samfuri mai suna Code 11.59. Kafin a rufe taron ranar farko, masu sha'awar agogo a duniya sun gama yi masa dariya, suna cewa ya yi kama da na teburin bakin titi, don kuwa a hotunan da aka raba, daga gaba aka nuna shi, fuska fayau ba wani abin a zo a gani. Sai da 'yan jarida da dillalai suka riƙe shi a hannu sannan zance ya fara canjawa. Ashe aikin yana gefe ne: tsakiyar jikinsa mai kusurwa takwas ce da aka matse tsakanin zobba biyu masu da'ira, gilashinsa kuma an lanƙwasa shi ta fuska biyu, abin da ba ya fitowa sai ka karkata shi. Ba kowa ne ya tuba ya so shi ba, amma da yawa sun janye rabin abin da suka faɗa.

Haka aka sake yi a watan Oktoban 2024, lokacin da Patek Philippe ya fito da Cubitus, sabon jerin agogonsa na farko cikin shekara 25. 'Yan kwanaki kafin bikin ƙaddamarwa a birnin Munik na Jamus, hoton tallarsa ya sulale daga wata mujalla ya shiga duniya. Da aka ga mai kusurwa huɗu ne, aka kuma ji an ce milimita 45, sai aka yanke masa hukuncin cewa bulo ne za a ɗaura a hannu. Waɗanda suka gwada shi daga baya suka gano cewa awon daga kusurwa zuwa kusurwa aka yi shi, kaurin na baƙin ƙarfen kuma bai wuce milimita 8.3 ba, ya kwanta luf a hannu. Duk da haka ƙorafin girman bai tafi a banza ba, domin a watan Afrilun 2025 kamfanin ya fito da ƙarami mai milimita 40. Don mai karatu ya san ruwan da ake magana a kai, na baƙin ƙarfen nan an sa masa kimanin Dala 41,000, wato sama da Naira miliyan 60 a canjin wancan lokaci. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 sai ya shekara fiye da 70 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa kuɗin.

To, amma kada a ɗauka gani da ido kullum ƙara wa agogo daraja yake yi. Sau da yawa rage masa yake, musamman a irin ƙasarmu. Wanda ya zana agogon a Jeniba bai san hannun kaftani mai maɓalli ba, inda agogo mai kauri ke tokarewa ya ƙi shiga ya ƙi fita. Bai san babbar riga ba, wadda ke rufe agogon gaba ɗaya sai in an saɓa ta a kafaɗa. Maɗaurin fatar kada da ke ɗaukar ido a hoto, ka haɗa shi da zufar watan Afrilu a Daura da alwala sau biyar a rana, ba zai kai Babbar Salla da mutuncinsa ba. Fuskar da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitilar kanti, a ranar tsaka ta filin Idi sai ta zama madubi, ka rasa gane ko ƙarfe nawa. Ga kuma nauyi, wanda hoto ba shi da hanyar faɗa maka: zinare mai karat 18 ya kusa ninka baƙin ƙarfe nauyi. Wannan ma yana da wani amfani ga namiji Musulmi, domin farin zinare da baƙin ƙarfe kamarsu ɗaya a hoto, alhali hukuncin sa su ba ɗaya ba ne a wurin malamanmu. Hannu na iya rarrabe su tun kafin a karanta hatimi.

Akwai kuma wata gaskiya da masu talla ba sa son a yawaita faɗa. Agogo, wanda Bahaushe ya yi wa kirari da sarkin aiki, tun ranar 25 ga Disambar 1969 da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na farko mai fasahar kwaz (quartz) a kasuwa, tsadarsa ta rabu da iya aikinsa. Rolex na alfahari da cewa agogonsa mai inji ba ya kuskuren da ya wuce daƙiƙa 2 a rana, wanda abin yabo ne ga abin da ƙarfe da waya kaɗai ke juyawa. Amma ɗan Casio baƙi na roba, wanda ɗalibai da masu gadi ke ɗaurawa tun 1989, kuskurensa a wata guda bai kai na wancan ba. Mai sayen agogon miliyoyi ba lokaci yake saye ba, aikin hannu yake saye, da suna, da kallon da za a yi masa. Tun da kuwa abin da ake biya ke nan, ai sayensa ba a gani ba ya zama wauta biyu.

Babbar matsalar ita ce jabu. Masu ƙera agogo a Suwizalan sun daɗe suna kukan cewa jabun da ake bugawa da sunansu duk shekara sun fi na gaskiyar da suke fitarwa yawa. A da, gane jabu ba wuya, domin hannun daƙiƙarsa tsalle yake yi ɗaya-ɗaya, na ainihin kuwa yana bugawa sau takwas a daƙiƙa har ya zama kamar sulalawa yake. Yanzu masu jabun sun ƙware, suna sa inji, suna kwaikwayon nauyi, har kwali da takardar garanti suke bugawa. A hoto kam babu mai raba su, musamman da yake dillalin kan ɗauko hoton na gaskiyar ne daga shafin kamfani ya manna. Kama da wane ba ta wane. Irin waɗannan, ido ma kaɗai ba ya isa, sai an kai wa ƙwararren mai gyara ya buɗe bayansa ya sa tabarau ya dubi injin.

Abin sha'awa, malaman fiƙihunmu sun riga mu tunanin wannan. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan Daura tun kafin a san kyamara, an halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har ma da sayen dilar kaya bisa takardar da ke bayyana abin da ke ciki, da sharaɗin cewa in kaya suka zo saɓanin yadda aka siffanta, mai saye na da zaɓin mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 ita ma ta ba wanda bai samu damar duba kaya kafin a kawo masa ba ikon mayar da su idan ba su dace da bayanin da aka yi ba. Sai dai wa za ka mayar wa, bayan mai lambar wayar ya kashe ta?

Mu koma kan siyasa, domin a nan ne hoton agogo ya fi yin ɓarna, a nan ne kuma ya fi yin amfani. A ƙasar Sin, a 2012, an ɗauki wani jami'i mai suna Yang Dacai yana murmushi a wurin wani mummunan haɗarin mota, jama'a suka bi tsofaffin hotunansa suna ƙirga agogunan da yake sauyawa, bincike ya biyo baya, a 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 14. A Tailan, a watan Disambar 2017, Mataimakin Firayim Minista Janar Prawit Wongsuwan ya ɗaga hannu don kare idonsa daga rana wajen ɗaukar hoton majalisar ministoci, sai ga Richard Mille ya leƙo. Aka tono fiye da 20 a hotuna daban-daban, ya ce aron su ya yi daga wani abokinsa da ya rasu, hukumar yaƙi da cin hanci ta ƙasar kuma ta wanke shi a 2018. A Rasha kuwa, a 2012, masu kula da shafin shugaban cocin ƙasar sun goge agogon Breguet daga hannunsa a hoto, suka manta da inuwarsa da ke kwance a kan gogaggen teburi. A ganina hoto ya isa a yi tambaya da shi, amma bai isa a yanke hukunci ba. Shi ya sa shari'ar kayan adon tsohuwar Ministar Man Fetur, Diezani Alison-Madueke, ta fi nauyi a wurina: a 2019 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta mallaka wa gwamnati kayan da aka ƙiyasta a kan Dala miliyan 40, cikinsu har da agogo 189, waɗanda aka ɗauko, aka ƙirga, aka kimanta a hannu.

Mutanen Daura sun fi yawancin 'yan Nijeriya damar gwada hoto da zahiri. Shekara takwas, daga 2015 zuwa 2023, duk lokacin da Shugaban Ƙasa ya zo hutun Salla, gwamnoni da ministoci da attajirai kan yi jerin gwano zuwa gidansa da fadar Mai Martaba Sarki, haka kuma aka cika garin ranar 15 ga Yulin 2025 da aka yi jana'izarsa. Waɗanda sauran jama'a ke gani a jarida, a nan an gan su da ido, an yi musabaha da su, an ga abin da ke leƙowa daga hannun riga. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ko shi ba zai gaya maka ko agogon saye ne, ko kyauta, ko aro, ko jabu ba. Wannan aikin takardar bayyana kadarori ne, wadda tsarin mulki ya wajabta wa masu riƙe da muƙamai su cika wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, amma ba kasafai ake buɗe wa jama'a ita ba. A watan Satumban 2015 fadar shugaban ƙasa ta karanta wa duniya abin da ke cikin tasa: kimanin Naira miliyan 30 a banki, gidaje biyar da wasu biyu na ƙasa a Daura, shanu 270, tumaki 25, da dawaki biyar. Daga cikin manyan baƙin da suka yi ta zarya zuwa garin a waɗannan shekaru, waɗanda suka yarda a karanta tasu takardar a bainar jama'a ba su taka kara sun karya ba.