Yadda ɗan Lafagu ya ƙwato kuɗin ajiyarsa daga hannun dillalin gida

Ɗaliban yankin Bagudo da ke karatu a Birnin Kebbi ko Aliero ba duka ke samun gado a makaranta ba, dole wasu su kama haya a gari. Ban da kuɗin shekara da la'adar dillali, akan karɓi wani kuɗi a ajiye saboda ɓarna, wanda ɗalibai ke kira koshan. La'ada ta dillali ce, in ta tafi ta tafi. Kuɗin ajiya kuwa amana ne, ana mayar da shi idan an bar ɗaki lafiya.

Ƙanena ya ba da Naira dubu 20 lokacin da ya fara karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Ranar da ya miƙa makulli, dillali ya ce ƙofa ta tsage, bango ya yi dauɗa, ga bashin wuta, don haka ko kwabo ba zai samu ba. Da kuɗin nan yake shirin ɗauko kayansa zuwa Lafagu, aljihunsa kuma babu komai.

Rasit ne ya fara cetonsa, sai hotunan da ya tura wa Inna ta WhatsApp ranar da ya tare, don kawai ta ga ɗakin. Tsagar ƙofar na nan a ciki, ga kwanan wata. Bai tsaya cacar baki ba, ya nemi mai gidan da kansa. Ashe dattijon bai ma san an karɓi wani kuɗin ajiya ba! A zauren mai unguwa dillali ya sauko. Bashin wutar gaskiya ne, aka cire dubu 3, ya biya sauran kashi biyu cikin mako uku.

Da abin ya gagari mai unguwa, sai kotu, kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a na taimaka wa marasa hali kyauta. Maƙwabtanmu na Benin sun ɗan fi mu tsari a nan: tun 2018 dokarsu ta hana kuɗin ajiya ya wuce hayar wata uku.

Ɗalibin ɗakin da ke kusa da nasa a hannu ya ba dillalin kuɗi, ba takarda ba shaida. Wata na huɗu ke nan yana kira, ba a ɗauka.