Daga Ɗanzomo Zuwa Inda Lissafi Ya Zaɓa: Wasan Masu Keke Da Taswira

A ƙasashen arewacin Turai da na Amurka, watan Maris wata ne mai wuyar sha'ani ga mai tafiya a kan keke. Sanyi ya fara sassautawa, amma bai tafi ba. Da rana dusar ƙanƙara takan narke ta mai da hanyoyin daji taɓo, da dare kuwa ruwan ya sake daskarewa, hanya ta yi santsi kamar gilashi. Duk da haka akwai waɗansu mutane da kan yi sammako a irin wannan lokaci, su sa tufafi rubi uku, su ɗaura wa kekunansu tayoyi masu ƙusoshi, su kama tafiyar kilomita talatin ko hamsin. In sun isa inda za su, ba kasuwa, ba gidan biki, ba ɗan'uwa mai jiransu. Sau da yawa gindin wata bishiya ce, ko tsakiyar gonar da ƙanƙara ta lulluɓe. Sai su ɗauki hoton na'urar da ke nuna lambobin wurin, su juya gida.

Sunan wannan wasa Geohashing. Wani Ba'amurke mai zanen barkwanci, Randall Munroe, wanda ya taɓa aiki a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, shi ya ƙago shi a watan Mayu na shekarar 2008.

Don a gane yadda abin yake, sai a tuna da darasin labarin ƙasa. Masu taswira sun ja wa duniya layuka iri biyu. Akwai layukan kwance, masu nuna nisan wuri arewa ko kudu da tsakiyar duniya, akwai kuma layukan tsaye, masu nuna nisansa gabas ko yamma da Girinwic ta Ingila. Tsakanin layin kwance da mai bi masa digiri guda ne, watau kimanin kilomita 111. Inda layuka huɗu suka kewaye wani yanki, sai ya zama kamar ɗaki guda a bisa taswira.

A kowace rana, wasan yakan ɗauki kwanan wata ya haɗa da lambar da ma'aunin Dow Jones ya buɗe da ita a kasuwar hannun jari ta New York. Ana zuba su cikin wata dabarar lissafin kwamfuta da ake kira MD5, ita kuwa ta fitar da jerin alamomi 32. Sai a raba jerin biyu, rabi ya zama ɓurɓushin digiri na kwance, rabi na tsaye. An zaɓi lambar kasuwa ne domin ba mahalukin da zai san ta kafin ranar ta zo, saboda haka ba mai iya shirya wa kansa wuri mai sauƙi. Ƙasashen da ke gabas da layin digiri 30 na yamma, har da Nijeriya da Turai, suna amfani da lambar jiya, tun da gari kan waye musu kasuwar New York ba ta buɗe ba. Sharaɗin kuwa shi ne mutum ya taka wurin a ranar, kafin sha biyun dare.

Wasan yana da yaya. A watan Fabrairu na 1996, tsakiyar lokacin ƙanƙara a jihar New Hampshire ta Amurka, wani mai suna Alex Jarrett ya je ya tsaya daidai inda layin digiri 43 na arewa ya gicciye na 72 na yamma. Daga nan aka samu shirin Degree Confluence Project, mai neman a ziyarci kowace mahaɗar layuka a ɗauki hotonta. Irin waɗannan mahaɗai 64,442 ne a duniya, mafi yawansu cikin teku. Amma abin da ya buɗe wa talakan matafiyi ƙofa shi ne matakin da gwamnatin Amurka ta ɗauka a watan Mayu na 2000, sa'ad da ta daina gurɓata saƙon taurarin GPS da gangan. Kafin nan na'urar farar hula tana iya kuskuren mita ɗari. Bayan nan kuskuren ya dawo 'yan mitoci, yau kuma ga na'urar cikin wayar da ke aljihun ɗalibi.

To, ina ruwan mutumin Ɗanzomo da wannan?

Ƙasar Gumel baki ɗaya, watau ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, tana cikin ɗaki guda na taswirar: tsakanin digiri 12 da 13 na arewa, da digiri 9 da 10 na gabas. Faɗin ɗakin ya kai kimanin murabba'in kilomita 12,000. Ringim da Jahun da Garki da Malam Madori duk suna ciki. Kusurwarsa ta kudu maso yamma tana kusa da Ajingi a Jihar Kano, ta arewa maso yamma kuwa tana gabas da Magarya, cikin Jamhuriyar Nijar. Kowace safiya lissafi yakan jefa ɗigo guda cikin wannan ɗaki, ko akwai mai zuwa ko babu.

Abin sha'awa shi ne ɓurɓushin lambar ɗaya ne ga dukan ɗakunan wannan sashe na duniya. Alal misali, in ranar ta ba da ɗigo shida da ɗigo uku, Bajamushen da ke Berlin zai nufi 52.6 arewa da 13.3 gabas, wato arewacin birninsu. Ɗalibin Ɗanzomo kuwa zai nufi 12.6 arewa da 9.3 gabas, kimanin kilomita goma yamma da garin Gumel. Rana ɗaya, lamba ɗaya, keke da keke. Sai dai wahalar ba ɗaya ba ce.

Masu fassara sukan kira wannan lokaci na Turai "bazara", abin da kan ba mutumin arewacin Jigawa dariya, domin bazarar da ya sani ita ce ƙarshen hunturu, lokacin da ƙura ke janyewa, rana ta buɗe, zafi ya haye digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Abin da ƙanƙara ke yi wa Bature, yashi ke yi a nan. Muddin ana bisa kwalta, tafiya lafiya lau. Da an sauka an kama hanyar amalanke, sai taya ta nutse, kan keke ya riƙa kaucewa, mahayi ya sauko ya koma tura abin da ya kamata ya ɗauke shi. Tsofaffin masu Raleigh da Phoenix, waɗanda suka shekara suna kai buhun gero kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, sun san dabarun: a rage iskar taya kaɗan don ta baje bisa yashi, a bi gefen hanya inda ciyawa ta riƙe ƙasa, a guji tsakiyar sawun shanu. Amma gefen hanya shi ne gidan tsaida da ƙarangiya. Tsaida tana huda taya, ƙarangiya tana cika ƙafar wando. Wanda ya fita ba famfo, ba kayan faci, ba ruwa isasshe, to ya shirya dawowa da ƙafa. Ko waya ma ba ta tsira ba: sanyin Turai yana zuƙe batir, zafin Gumel kuwa yakan sa wayar da aka ɗaura a kan keke ta ɗauke da kanta. Sauƙin da ake da shi shi ne gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya ba matafiyi inuwa daidai lokacin da ya fi bukatarta.

Rani yana da wata fa'idar. An riga an kwashe gero da dawa da wake, an yanke riɗi, an tsinke zoɓo, gonaki sun zama fili. Da damina, ɗigon da ya faɗa tsakiyar shuka sai a haƙura da shi.

A nan ne maganar ta wuce wasa. Lissafi bai san mai gona ba, amma a ƙasar Gumel da wuya a sami taƙi guda da ba shi da mai shi ko mai amfani da shi. In ba gona ba ce, to burtali ne, ko makiyaya, ko maƙabartar wani ƙauye, ko shingen itatuwan da aka dasa don tare hamada. Baƙon da ya jingine keke, ya shiga gonar mutum yana kai da kawowa, idonsa a kan waya, ya ci gaba taku uku ya ja baya taku biyu, ba wanda zai ɗauka wasa yake yi. Kowa zai ce ma'aikacin safiyo ne. Manoman yankin kuwa suna da dalilin tsarguwa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana, kuma an ba hukuma ikon karɓar fili don amfanin jama'a. A wajajen 2017 jaridu sun yi ta kawo labarin ƙorafin manoman Gagarawa da maƙwabtansu game da kadada 12,000 da aka keɓe don noman rake. Wanda ya ji wannan labari, ba zai ga mai auna gonarsa ya yi shiru ba.

Saboda haka ƙa'idar farko a nan ba ta cikin littafin wasan. Sai an fara da sallama a ƙofar mai unguwa ko bulama, a gaisa, a tambayi gida da iyali, a faɗi daga inda aka fito da ɗan gidan wane ne, sa'an nan a nuna wayar a yi bayani. In ya yarda, ya haɗa mutum da yaro ya raka shi. In bai yarda ba, ranar ta wuce ke nan. Masu wasan a Turai ma sun amince cewa ba a tsallaka shingen mutum don cika buri, sai dai su shinge da allon gargaɗi ke tsai da su, a nan kuwa mutum ne mai baki da tambaya.

Akwai kuma ranar da ɗigon zai faɗa arewa da Maigatari. Garin yana kusa da digiri 12.8, saboda haka wani yanki na ɗakin yana cikin Nijar. Iyakar da ta raba shi ita kanta aikin masu lambobi ce. Bayan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906, wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa ta bi ƙasar daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Cadi tsakanin 1906 da 1908, tana duban taurari da dare don tantance matsayin garuruwa, tana kafa alamomi. Alamomi 148 aka amince da su a 1910. Mutanen da layin ya ratsa gonakinsu da zumuncinsu ba su san abin da lambobin ke nufi ba sai daga baya. Jikokinsu sun san nauyin layin: an rufe iyakar a watan Agusta na 2019, aka buɗe ta Maigatari a Disamba na 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Mai keke da ya bi kibiyar waya ido rufe ta hanyar daji, yana iya samun kansa yana yi wa jami'an wata ƙasa bayanin Dow Jones.

Amfanin sanin lambobin wuri ya riga ya bayyana a wannan yanki. Daga wajajen 2012, masu yaƙi da cutar shan inna suka soma sauya taswirorin da ake zanawa da hannu da waɗanda aka ɗauko daga hotunan tauraron ɗan'adam, a jihohin arewa har da Jigawa. Aka kuma ba ma'aikatan riga-kafi wayoyi masu nuna inda suka taka. Nan aka gano ƙananan ƙauyuka da rugage da tsohuwar takarda ba ta san da su ba, watau yaran da ke cikinsu ba sa cikin lissafin kowa. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Taswira ba ita kaɗai ta yi aikin ba, amma ta nuna wa ma'aikaci ƙofar da bai ƙwanƙwasa ba.

Ma'aikatan ƙasa da safiyo suna da wani abin lura da ya kamata ɗalibai su sani. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an gina su ne bisa ma'aunin da aka kafa tushensa a Minna, wayoyin zamani kuwa suna bin ma'aunin duniya na WGS 84. Lamba guda a kan ma'aunan biyu ba wuri guda take nunawa ba. Tazarar takan kai mitoci masu yawa, isassu su fitar da mutum daga gonarsa su jefa shi ta maƙwabci. Haka kuma kuskuren lamba ta uku bayan ɗigo daidai yake da mita 111 a ƙasa. Magatakardan da ya kwafi takardar fili da gaggawa, ya sa bakwai a gurbin ɗaya, ya haifar da shari'ar da za ta iya kai wa jikoki.

Abin takaici ne a ga ɗalibi ya haddace cewa Gumel tana kusa da digiri 12.6 na arewa, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa tsayawa a fili ya ga yadda lambar ke canzawa in ya yi taku ɗari ba. Malamin labarin ƙasa a Gumel ko Sule Tankarkar ba ya bukatar kasafin kuɗi kafin ya gyara wannan. Waya guda, kekuna 'yan kaɗan na aro, jarkar ruwa, da takardar gabatarwa daga shugaban makaranta zuwa ga dagacin yankin sun isa. A duba lambar ranar tun da asuba. In ta faɗa wajen Jahun, nisa ya yi yawa, a jira wani mako. In ta faɗa cikin kilomita goma ko goma sha biyar, a tashi bayan sallar asuba, a isa kafin hantsi ya dubi ludayi, yara su rubuta irin ƙasar wurin, da itatuwan da ke tsaye, da kututturan da aka sare, da sunan ƙauye mafi kusa, da zurfin rijiyarsa.

Bisa al'adar wasan, masu yinsa sukan haɗu a ɗigon ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. An tsai da wannan lokaci ne a ƙasashen da ake neman ɗumin rana. A Ɗanzomo cikin watan Maris, wanda zai isa da ƙarfe huɗu dole ya tuƙa keke a tsakar rana, ya yi la'asar a daji, ya dawo cikin duhu bisa hanyar da ba fitila.